Nonon Akuya a Shekarar Fari

Duk wanda ya taɓa zama a Agadas ko Arlit ya san sunan Tamanraset. Can ne samari da yawa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram sukan tafi cin rani, su ratsa ta Asamaka su shiga ƙasar Aljeriya neman aikin gini ko dako. Yau babban gari ne mai kwalta da filin jirgin sama, ana kuma jin Hausa a kasuwarsa. Amma a shekara ta 1905 bukkoki ne kawai wajen 20 a bakin wata busasshiyar ƙorama cikin duwatsun Ahaggar, da ƴan gonaki kaɗan. A watan Agusta na shekaran nan wani Bafaranshe ramamme ya sauka a wurin, sanye da farar riga mai alamar zuciya da gicciye a ƙirji. Ya gina ɗaki na dutse da laka, tsawonsa mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba. Ya yi shekara 11 tare da Buzayen ƙasar har ran da aka kashe shi, bai kuwa yi wa ko mutum ɗaya daga cikinsu baftisma ba.

Sunansa Sharl de Fuko. Shi ɗan ikkilisiyar Katolika ne, amma tambayar da zamansa ya tayar ta shafi kowane mai bi da ke zaune tsakanin maƙwabta waɗanda ba su bin Almasihu. Idan mai aikin bishara ya ƙulla abota da mutanen da aka aike shi wurinsu, mece ce abotar nan? Tsani ce da zai taka ya kai ga tubarsu, ya yar da ita in ba su tuba ba? Ko kuwa tana da nata nauyi a gaban Allah?

An haife shi a Strasbur a 1858 cikin gidan masu sarauta, iyayensa duka biyu suka rasu tun bai cika shekara 6 ba. Ya gaji dukiya mai yawa, ya shiga soja, ya bar addu'a, ya yi ta almubazzaranci har danginsa suka sa shari'a ta naɗa masa mai kula da kuɗinsa. A 1883 ya shiga Maroko a ɓoye cikin shigar malamin Yahudawa, gama a lokacin ba a yarda Bature ya ratsa ƙasar ba. Wata 11 ya yi yana yawo yana auna hanyoyi da tuddai. Can ya ga mutane waɗanda duk inda lokacin salla ya same su sai su tsaya su yi, shi da kansa kuma ya shaida daga baya cewa ganin bangaskiyar Musulmi ne ya fara tuna masa akwai abin da ya fi shagalin duniya. A 1886 ya tuba ya komo ga Almasihu a birnin Paris. Ya yi shekara 7 cikin ƴan zuhudu, ya yi 3 yana aikin bara a gidan sistoci a Nazarat, domin yana so ya ɗanɗana irin zaman da Yesu ya yi a garin kafin kowa ya san shi. A 1901 aka naɗa shi firist, sai ya roƙa a bar shi ya tafi Sahara.

Zangonsa na fari shi ne Beni Abbas, kusa da iyakar Maroko. Can ya buɗe ƙofarsa ga kowa. Matalauta da matafiya da sojoji da bayi suna ta zuwa, wata rana har su kai 100. Yana raba sha'ir da dabino da magani, ya fanshi ƴan bayi kaɗan da kuɗin da ya samu, ya kuma yi ta rubuta wasiƙu masu zafi a kan yadda hukumar Faransa ta rufe ido ga bauta. Burinsa shi ne kowa, ko Kirista ko Musulmi ko Bayahude, ya ɗauke shi ɗan'uwa. Niyya ce mai kyau ƙwarai. Sai dai kullum shi ne a ciki, su ne a bakin ƙofa. Shi ke riƙe da mudu, su ke riƙe da ƙoƙo. Mutumin da ke auna wa wani hatsi kowace safiya, za a gode masa, a sa masa albarka, har a kira shi uba. Da wuya a kira shi aboki, gama mai karɓa ba shi da abin ramawa, kuma kunyar rashin abin ramawa takan tsaya tsakanin mutum biyu kamar danga.

Yadda ya kai Tamanraset ma akwai abin dubawa a ciki. Ran 7 ga Mayu 1902 wata runduna a ƙarƙashin hafsan Faransa ta gwabza da Buzayen Ahaggar a Tit, ba nisa da Tamanraset. Bindiga ta rinjayi takobi da mashi, Buzaye kusan 100 suka faɗi. Bayan wannan ne Musa ag Amastan ya tafi In Salah a 1904 ya yi sulhu da Faransawa, shi ne kuwa ya zama amenokal, wato sarkin Ahaggar. Hafsan da ke riƙe da yankin, Laferin, tsohon abokin Fuko ne tun yana soja, shi ne ma ya ja hankalinsa zuwa kudu ya tafi da shi rangadi. Da aka nemi yardar Musa domin baƙon ya zauna a ƙasarsa, sai ya yarda. Ina kuwa zai ƙi? Saboda haka ran da Fuko ya sauke kayansa, a idon mutanen wurin shi malamin waɗanda suka kashe ƴan'uwansu ne shekara 3 da suka wuce. Suna ce da shi marabu, wato malam. Suna gaishe shi, suna karɓar allurar ɗinki da magani daga hannunsa, amma zuciya tana nesa.

Shekaru biyu na fari sun yi masa nauyi. Yaron da ya fansa daga bauta ya zo da shi, wanda ake kira Bulus, ya bar shi a 1906. Bisa ga ka'idar ikkilisiyarsa a zamanin, firist ba ya yin Misa, wato Jibin Ubangiji, sai da mai taya shi, ga shi kuwa ba wani Kirista kusa. Abin da ya fi ƙauna a duniya ke nan, ya kuwa rasa shi wata da watanni. Wani masani abokinsa, Motilinski, wanda ya zo ya taya shi nazarin harshen Buzaye, ya koma arewa ya rasu a farkon 1907. Sa'an nan fari ya sauka. A tsakiyar 1907 ya rubuta cewa an yi wata 17 ba ruwan sama. Mutanen Ahaggar da nono suke rayuwa, in ciyawa ta ƙare nono ya ƙafe, in nono ya ƙafe yunwa ta shigo. Masu raƙuma suka kora dabbobinsu nesa neman makiyaya, aka bar marasa ƙarfi a gida. Fuko ya buɗe ɗan rumbunsa ya yi ta rabawa har ya kusa ƙarewa. Kirsimati ta 1907 ta same shi shi kaɗai, ba Misa, ba wasiƙa daga gida.

A farkon Janairu 1908 jikinsa ya ƙi. Yana da shekara 49, ya gaji da aiki da azumi, ga kuma ciwon nan da rashin ganye da ƴaƴan itace ke kawowa. Ko motsi kaɗan ya yi sai numfashi ya ɗauke. Ya ɗauka ƙarshensa ne ya zo, ya shirya. In Salah, inda likita da sojojin ƙasarsa suke, tana nesa da wajen kilomita 700, tafiyar makonni a kan raƙumi.

Abin da ya faru a nan ƙarami ne, ba ya cika layi uku a wasiƙar da ya aika wa ƴar'uwarsa daga baya. Mutanen wurin suka bi duk awakin da ke kewaye, har nisan kilomita 4, suna neman wadda ta rage da ɗan nono a hantsarta. Abin da suka tatso suka kawo masa. Da shi ya rayu har ƙarfinsa ya fara komowa, kafin kayan abincin da Laferin ya aiko a kan raƙuma su iso.

Wanda bai taɓa ganin fari ba zai ce, nonon akuya kawai? Amma mutanen Sahel sun san abin da ake nufi. Sun ga akuya a 1973 da 1984, ƙashin haƙarƙari a waje, tana cin takarda da tsumma. A irin wannan shekara, abin da aka tatsa daga akuya goma ba ya cika ƙaramar ƙwarya, kuma kowane ɗigo yana da mai shi, wato jariri ko tsohuwa. Awaki kuwa dukiyar talakawa ce. A cikin Buzaye manyan gida su ne masu raƙuma, na ƙasa da su ana kiransu Kel Ulli, ma'ana mutanen awaki. Waɗanda suka fi kowa rashi ke nan suka cire daga bakin ƴaƴansu suka ba baƙon da ba danginsu ba, ba addininsu ɗaya ba, wanda kuma ya zo a bayan bindigar da ta ci su da yaƙi.

Masu nazarin rayuwarsa da yawa suna ganin a nan ne zamansa ya juya, akwai kuwa gaskiya a ganinsu. Shekara 6 ya yi a Sahara yana bayarwa, bai taɓa barin kowa ya ba shi wani abin kirki ba. Yana da wuya mai tsoron Allah ya gane cewa wannan ma wani irin girman kai ne, gama kamarsa ɗaya da sadaukarwa. Sai da ya kwanta ba ya iya ɗaga kai, sa'an nan mutanen Tamanraset suka sami ƙofar shiga. Wanda mutum ya yi jinyarsa da hannunsa ya riga ya shiga ransa. Daga ran nan yana da rabo a cikin lafiyarsa, in ya gan shi yana tafiya da ƙafafunsa sai ya ji daɗi kamar ya ga shukarsa ta tsiro. Marabu ya tashi daga ciwo da bashi a wuyansa, bashin da ba a biya da allura.

Littafi Mai Tsarki cike yake da wannan, sai dai ido yakan tsallake shi. Lokacin da fari ya kama ƙasar Isra'ila, Ubangiji ya aiki Iliya wurin wata gwauruwa a Zarefat, baƙuwar al'umma, wadda abin da ya rage mata ɗan gari ne da ɗan mai, annabin ya ci daga hannunta (1 Sarakuna 17). A bakin rijiyar Samariya, Yesu ne ya fara roƙo, ya nemi ruwan sha wurin macen da Yahudawa ba su sha da ƙwaryarta (Yahaya 4). Da ya aiki almajirai saba'in, ya hana su ɗaukar jaka da guzuri, ya umarce su su ci abin da aka sa a gabansu (Luka 10). An saba karanta wannan a kan cewa koyarwa ce ta dogara ga Allah, haka ne kuwa. Amma akwai wani abu kuma. Manzon da ya shigo gari hannu wofi dole ya zama baƙon wani, mai masaukinsa kuwa ya sami daraja a kansa tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya shigo da mota cike da kaya ba ya bukatar kowa, kowa kuwa ya san haka.

Wani abin da ya ƙara kusantar da shi gare su shi ne harshe. Tun a 1904, yana cikin rangadi, ya yi sauri ya juya Linjila huɗu zuwa Tamahak, wato irin Buzancin Ahaggar, ɗan'uwan Tamajak da ake ji a Abzin da Azawak. Daga baya ya gane aikin bai nuna ba, gama ya yi gaggawar yin magana tun bai saurara ba. Sai ya koma ɗalibi. A 1907 ya bi zango zango yana zama a bakin tantuna, yana roƙon mata da tsofaffi su rera masa waƙoƙinsu, yana biyan ɗan kuɗi a kan kowane baiti. Ya tara layi wajen 6,000, waƙoƙin soyayya da na raƙuma da na hari da na zambo, irin waɗanda wani mai wa'azi zai toshe kunne ya ce na duniya ne. Ya san Dasin, ƴar'uwar Musa, wadda ta yi suna wajen waƙa da kaɗa imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da mata ke kaɗawa. Ya zauna shekaru da Ba Hammu, magatakardan Musa, suna bin kalmomi ɗaya ɗaya, wani lokaci fiye da sa'a 10 a yini. Ƙamus ɗin da ya fito daga wannan aiki ya kai shafi 2,028 da rubutun hannunsa, da zanen sirdi da takobi da kayan tanti. Ya ma nemi kada a sa sunansa a kai.

A wajen wannan aiki su ne malamai, shi ne mai kuskure. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya yi masa dariya ta gyara masa lafazi. Mutane sukan yafe wa baƙo abu da yawa in sun ga yana ɗaukar maganarsu da daraja har yana rubuta ta.

Abotarsa da Musa ag Amastan ita ce ta fi wuyar fassara. Musa Musulmi ne na ƙwarai, almajirin Shaihu Bay na Kunta da ke Adrar, cikin ƙasar Mali ta yau. Burinsa shi ne ya ƙarfafa Musulunci a Ahaggar, ya kawo malamai, ya gina masallaci da makaranta a Tamanraset. Wato abin da Musa ke ginawa shi ne ainihin abin da zai sa begen Fuko ya yi nisa. Kowannensu ya san haka. Duk da haka Musa yakan zo neman shawara, Fuko kuma yakan rubuta abin da zai faɗa masa: ya kewaye kansa da mutanen kirki, ya rage kashe kuɗi, ya yi shari'a da gaskiya, ya ƙaunaci Allah da maƙwabci. A 1910 hukuma ta kai Musa ziyara Faransa, ya sauka har a gidan ƙanwar Fuko. Da ya ga gidan da lambunansa, sai ya aiko wa abokinsa da wasiƙa cike da mamaki, cewa ga irin gidan da ya fito, ga shi kuma yana zaune a Tamanraset kamar miskini. Sai a ran nan ya san abin da mutumin ya bari. An adana waɗansu ƴan takardu da Buzaye suka riƙa aika wa marabu da rubutunsu na Tifinag, aka buga su a Faransa a 1999. Yawancinsu gaisuwa ce da ƴan bukatu na yau da kullum. A cikin ɗaya, sarkin Ahaggar yana roƙon firist ɗin kada ya yashe shi, ya kuma riƙa yi masa addu'a.

A 1913, bayan shekara 8 a wurin, Fuko ya rubuta wa wani cewa yana da abokai aƙalla 4 waɗanda zai iya dogara gare su a kan kome. Ya ce ba kyauta ya ba su ba. Sun dai gane cewa shi nasu ne, za su iya amincewa da shi, suka kuwa rama masa da irin abin da ya yi musu. Mutum huɗu cikin shekara takwas! In an sa wannan a rahoton shekara na wata mishan, kwamiti zai tambaya ina amfanin kuɗin da aka kashe. Amma duk wanda ya kai shekara hamsin a garin haihuwarsa, in ya ƙirga waɗanda zai iya ba amanar gidansa ya yi tafiya, da wuya ya cika yatsun hannu ɗaya. Ɗaya daga cikin huɗun, wani saurayi mai suna Uksem, Fuko ya tafi da shi Faransa a shekaran nan, suka yi watanni suna zaga danginsa.

To, tarko ne ko ba tarko ba ne? Fuko bai taɓa daina marmarin Buzaye su san Almasihu ba. Ya ɗauki kansa mai sassabe, wanda ke share gona domin wani ya zo ya yi shuka, ko da bayan ɗaruruwan shekaru ne. Fatansa shi ne in mutane sun ga kirkin bara, su tambayi yadda Ubangidansa yake. Bai ɓoye wannan ba. Gicciye yana ƙirjinsa kowa na gani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, su ma haka suke game da shi. An ruwaito cewa wata mace daga manyan gida, wadda ya taimaki ƴaƴanta a lokacin yunwa, ta ce abin baƙin ciki ne mutumin kirki irin wannan ya mutu ya shiga wuta don bai musulunta ba, ita da ƙawayenta kuwa kullum suna roƙon Allah ya musuluntar da shi. Ga firist a ɗakinsa yana durƙuso dominsu, ga mata a tanti suna ɗaga hannu dominsa.

Waɗansu za su ce wannan ya nuna abotar ba ta kai ciki ba, tun da kowa yana so ya sāke ɗan'uwansa. Amma wanda ya gaskata yana da ruwan rai, ya kuwa ƙi yi wa abokinsa fatan sha, wace irin ƙauna ke nan? Matan nan ba su raina shi ba da suka yi masa addu'a. Sun ba shi abu mafi tsada da suka sani, kamar yadda aka ba shi nono. Abota takan zama tarko ne idan an ɓoye niyya, ko kuwa idan an janye ta ran da aka ga ba riba. Mai bi da ya daina zuwa suna da jana'izar maƙwabcinsa domin shekara biyar ta wuce bai zo sujada ba, ya nuna da ma farauta yake yi, maƙwabcin kuwa ba wawa ba ne, ya gane tun tuni. Fuko ya ga shekara 11 ta wuce ba ko ɗaya, bai rage kome ba. Yana nan yana koya wa mata saƙa da ƙwarashi, yana ba da magani, yana tambayar sunan kowane tsiro.

Akwai dai wani ƙulli da bai taɓa kwancewa ba, ba daidai ba ne kuwa a rufe shi don ana girmama mutumin. Fuko Bafaranshe ne na zamaninsa, tsohon hafsa. Ya gaskata mulkin Faransa alheri ne ga Sahara muddin an yi shi da adalci. Yakan tsawata wa hafsoshi in sun yi zalunci, amma yakan kuma rubuta musu labarin abin da ke gudana a ƙasar, ya ba su shawara. Abokansa Buzaye sun san da haka, wataƙila ma waɗansu sun ga amfanin samun mai faɗa a ji kusa da su. Da yaƙin duniya na fari ya tashi a 1914, ƴan Sanusiyya daga Libiya suka ɗaga tutar jihadi a kan Turawa, a Maris 1916 suka ci Janet. Fuko ya ƙi barin Tamanraset. Ya gina wani gida mai kauri kamar ganuwa, da rijiya a ciki, domin mutanen ƙauyen su fake in an kawo hari, ya koma ciki da zama a tsakiyar 1916. Soja suka ajiye bindigogi da harsashi a wurin. Gidan addu'a ya zama kuma ma'ajin makamai, labarin kuwa ya bazu.

Ran 28 ga Nuwamba 1916 ya gama aikin waƙoƙin Buzaye. Bayan kwana 3, ran 1 ga Disamba da magariba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar wanda ya sani ce, wani mai suna El Madani, ya ce wasiƙu ya kawo. Da ya buɗe ya miƙa hannu, sai aka fizgo shi waje. Mahara ne masu goyon bayan Sanusiyya. Suka ɗaure masa hannu ta baya, suka bar shi a durƙushe a hannun wani yaro ɗan shekara 15, suka shiga kwasar kaya. Ana cikin haka sai ga sojan raƙumi biyu sun ɓullo, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara 58. Bulus, wanda ya riga ya komo wurinsa, ya ga abin da idonsa. Sojojin nan biyu ma aka kashe su, da wani na uku da ya iso da safe. Mutanen ƙauyen suka binne firist ɗin kusa da Musulmin nan uku. Sani ne ya sa ya buɗe ƙofar. Da baƙuwar murya ce, da bai buɗe ba.

Wutar da ta ci shi ba ta tsaya a Ahaggar ba. Cikin watan nan na Disamba, Kawsan ya iso Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka kewaye barikin Faransawa har zuwa farkon Maris 1917, lokacin da runduna ta zo daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni; an kashe mutane da yawa a Agadas, har da malamai, Abzin kuwa ta daɗe ba ta farfaɗo ba.

Fuko ya mutu ba ko ɗan zuhudu ɗaya da ke zaune tare da shi, ko da yake ya yi shekaru yana rubuta ka'idodin ƙungiyar da yake fata. Sai a 1933 aka kafa Ƙananan Ƴan'uwan Yesu na maza, na mata kuma a 1939, masu zama cikin talakawa suna aikin hannu irin nasu. An buga waƙoƙin da ya tara a 1925 da 1930, babban ƙamus ɗin kuma cikin littafi 4 a 1951 da 1952, har yau masu nazarin Buzanci ba su da kamarsa a kan harshen Ahaggar. Ran 15 ga Mayu 2022 Paparoma Faransis ya sa shi cikin tsarkakan ikkilisiyar Katolika.

Musa ag Amastan ba ya gari ran da abin ya faru. Da labari ya kai gare shi, sai ya sa aka rubuta wasiƙa zuwa ga ƙanwar mamacin, wadda ya taɓa sauka a gidanta. Ya gaya mata cewa da ya ji mutuwar abokinsu duniya ta yi masa duhu, ya yi kuka mai yawa. Ya ce rashin marabu ba na danginsa kaɗai ba ne, na mutanen Ahaggar ne duka. Ya roƙi Allah ya ji ƙansa, ya kuma sada su da shi a Aljanna. Musa ya rasu a 1920, yana Musulmi.